Hawan Dutsen Dala a Bazara: Da Asuba ko a Fasa

Ɗalibai da yawa a Fagge da Sabon Gari sun haddace labarin Barbushe da Tsumburbura saboda jarrabawa, amma ba su taɓa taka Dutsen Dala ba, alhali tafiyar ƙafa ce. Daga Fagge sai a shiga ta Ƙofar Wambai, a ratsa gefen Kasuwar Kurmi, a bi lunguna har gindin dutsen.

A Turai, a watan Afrilu sanyi kan ragu. Mu nan tsakiyar bazara ce, zafi kan kai digiri 40. Wanda ya hau da rana tsaka, jiri na iya kwasarsa a kan matakala. Ku fita bayan sallar asuba, ku sauko kafin ƙarfe tara. Kowa ya riƙe gorar ruwa, ya sa takalmi mai kama ƙafa, don silifas santsi yake a kan tsakuwa. Kada a tafi sai da izinin iyaye da rakiyar malami.

Daga saman, mita 534 sama da teku, za ku hango Goron Dutse ta yamma da hasumiyoyin babban masallacin birni. A kewayen nan aka gano alamun narkar da ƙarfe tun ƙarni na 7.

Abin takaici, zaizaya na cin gefen dutsen, gidaje sun matse shi, ledar ruwa ko'ina. Ajin da zai hau ya tafi da buhu ɗaya, ya sauko da shi cike.