Kujerar Ministan Tsaro da Manomin Fammar

A mulkin farar hula, sau uku Kano tana fitar da ministan tsaron Nijeriya. Alhaji Inuwa Wada ya gaji Muhammadu Ribaɗu a 1965, bai daɗe ba sojoji suka kifar da gwamnati a Janairun 1966. Rabi'u Musa Kwankwaso, injiniyan ruwa, ya hau kujerar a 2003, 'yan watanni bayan Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da shi a zaɓen gwamna. Na uku shi ne Manjo Janar Bashir Salihi Magashi mai ritaya, daga 2019 zuwa 2023, soja kuma lauya, wanda ya yi gwamnan Sakkwato a mulkin Babangida.

In ka zauna a teburin mai shayi a Fammar, a Kano ta Kudu, da hantsi, rediyo na gefen tukunya, za ka ji ana lissafa sunayen nan da alfahari. Ni ma nakan yi. Sai dai akwai wani lissafin da ba a cika yi ba.

Daga 2014 zuwa ƙarshen 2025 kujerar ba ta bar Arewa maso Yamma ba: Aliyu Gusau, Mansur Ɗan Ali, Magashi, sannan Badaru Abubakar, tsohon gwamnan Jigawa. A shekarun nan ne kuma ɓarayin shanu suka rikiɗe suka zama 'yan bindiga masu kwasar mutane. An ɗebi ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, an tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022. Ɗan Ali ɗan Birnin Magaji ne a Zamfara, amma jihar ba ta sami sauƙi ba don ɗanta na kan kujera.

Me ya sa ake ta kawo mana ita? Da farko dai ƙuri'a. Yankin nan ne rumbunta, kuma tsaro babbar ma'aikata ce da ake iya nunawa a ce an yi da ku. Kwankwaso da Badaru duk ta ƙofar siyasa suka shiga. Sannan amana: shugaban ƙasa yana son wanda ba zai ba shi ciwon kai ba, ƙasar da ta sha juyin mulki ba ta wasa da wannan. Akwai kuma zaton cewa ɗan gida ya fi sanin dawa. Wannan ne mafi rauni, domin sanin dawa daban, ikon tura soja cikinta daban.

Nan gizo ke saƙar. Tsarin mulkin 1999 shugaban ƙasa ya ba ikon sarrafa dakaru, shi ke naɗa hafsoshi. Minista yana kan kasafi da kwangila da manufa. Ga kuma mai ba da shawara kan tsaro a gefe, wanda sau da yawa ya fi shi kusa da kunnen shugaba. Sai ya zama sunan nasa ne, linzamin na wani. Mutanen gida su ɗora masa buri, in abu ya ɓaci su ɗora masa laifi, jihar kuwa an riga an ce ta sami rabonta.

Ba na cewa kujerar banza ce. Wanda ke sa hannu a kwangilar makamai ba ƙaramin mutum ba ne, in ya yi sakaci soja ne zai ji a jikinsa. Amma abin da ya fi taɓa Kano ta Kudu kai tsaye shi ne mayar da dajin Falgore filin atisayen soja a 2017, lokacin Gwamna Ganduje da babban hafsan sojan ƙasa Buratai, kuma a lokacin ministan ba Bakano ba ne.

A Disambar 2025 Badaru ya ajiye aiki, Shugaba Tinubu ya ɗauko Janar Christopher Musa, tsohon babban hafsan tsaro, mutumin da ya san hafsoshin da sunayensu. Manomin Fammar da ke sa ran kai dawarsa kasuwar Rano, abin da zai tambaya shi ne ko zai iya dawowa gida bayan magariba.