Famfon Ruwan Injin Mota: Aikinsa da Alamun Gajiyarsa

Wanda ya taɓa shiga tsohuwar motar haya tsakanin Batsari da Yasore ko Safana cikin watan Afrilu ya san jarkar da direba kan ajiye kusa da ƙafarsa. Da an yi ’yar tafiya sai a tsaya a ɗura wa lagireto ruwa. Fasinjoji kan ɗora laifin a kan zafin rana. Sau da yawa kuwa famfon ruwa ne ya gaji. Kuma waɗannan hanyoyi na gefen dajin Rugu ba wuraren da mutum zai so mota ta mace masa da la’asar ba ne.

Bari mu yi misali da Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Idan fetur ya ƙone cikin inji, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafinsa ruwa ne ke kwashe shi zuwa lagireto, inda iska za ta huce shi. Amma ruwan ba ya zagayawa da kansa yadda ake bukata, sai an tura shi.

Ɗalibin da ya taɓa kaɗa majajjawa ya riga ya san sirrin famfon. A cikinsa akwai faifai mai fukafukai wanda fambel ke juyawa. Yayin da yake juyawa, sai ya riƙa wurga ruwa daga tsakiya zuwa gefe, kamar yadda dutse ke neman kuɓucewa daga majajjawa. Ruwan da aka wurga ya shiga inji, gurbin da ya bari kuma ya jawo wani daga ƙasan lagireto.

Abubuwa uku ne kan lalace. Boris ɗin da ke riƙe da sandar faifan yakan cinye, sai a ji ƙara ko gurnani daga gaban inji. A kashe mota, a kama fanka a girgiza. In tana rawa, boris ya tafi. Sai robar da ke tare ruwa. Maƙera famfon sun bar ɗan rami a ƙasansa da gangan, domin idan robar ta fara saki ruwa ya ɗiga waje maimakon ya shiga boris. Saboda haka ɗigo ko busasshen sawun tsatsa a bakin ramin gargaɗi ne. Wasu kan toshe shi da sabulu ko ƙaro, wanda daidai yake da toshe bakin mai kawo labari.

Na ukun ya fi wuyar ganewa, domin ba ƙara, ba yoyo, amma allurar zafi tana ta hawa. Tsatsa ce ta cinye fukafukan. A nan ruwan rijiya da na rafi suna da hannu, don suna ɗauke da gishirin ƙasa da laka, kuma ba su da sinadarin hana tsatsa irin na ruwan lagireto da ake sayarwa. Gwajinsa shi ne a buɗe murfin lagireto tun inji na da sanyi, a tayar da mota, a jira ta ɗumama. Idan famfo na da lafiya za a ga ruwan yana gudana.

Kafin a yanke wa famfo hukunci, a duba fambel da tiyo da murfi, don su ne masu araha. Fambel da ya saki yakan sa lafiyayyen famfo ya yi kasala, wanda aka ɗaure tamau kuma yakan kashe boris. Idan aka danna tsakiyarsa da yatsa, ya lotsa kamar santimita 1.

Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Murfin yana matse ruwan ne har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da an buɗe sai ya yi tsiri ya ƙone fuska. Haka kuma kan injin 504 na alminiyom ne, zafi mai tsanani na iya lanƙwasa shi ya ƙone gasket, aikin da kuɗinsa ya ninka na famfo sau da yawa.

Canjin kansa bai da wuya. A bar inji ya huce, a cire kan batir, a tsiyaye ruwa. A sassauta fambel, a cire shi da fanka da tiyo, sannan a kwance notocin famfon. Wurin da akan yi sakaci shi ne kankare ragowar tsohon gasket. Dole a goge fuskar ƙarfen sumul ba tare da an karce ta ba, in ba haka ba sabon famfo ma zai yi yoyo. A gwada sabo da tsoho a tabbatar iri ɗaya ne. A ɗaure notoci kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, don famfon ya zauna daidai. Bayan an cika ruwa, a bar inji ya yi aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita, a ƙara ruwa a rufe. Washegari da safe, kafin a tayar da mota, a leƙa lagireto a kuma duba ƙasan inda ta kwana.