Mece Ce AFAN?

'Yan'uwa da yawa a Jega da Maiyama suna tambayarmu labarin AFAN. Ita ce uwar ƙungiyar manoman Nijeriya. Ƙungiyoyin masu noman shinkafa, da masara, da sauran amfanin gona suna ƙarƙashin inuwarta. Murtala Nyako ne shugabanta na fari. Aikinta shi ne ta kai kukan manoma gaban Gwamnati a kan taki, da iri, da farashi. Ita ba banki ba ce.

Amma ku lura. Mai albasa a Aliero, in shi kaɗai ne, muryarsa ba za ta kai Abuja ba. A 2015, sa'ad da aka buɗe shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, ta hannun ƙungiyoyi aka bi, daga baya har da RIFAN ta masu shinkafa. Wanda ba ya cikin ƙungiya, sai dai ya ji labari. Rance ne kuwa, ba kyauta ba, ko da yake waɗansu sun manta.

Saboda haka, kafin damina, bari sakataren kowace ƙungiyar gama kai ya duba takardar rajista, ya gyara littafin sunaye da girman gonar kowa. Kada ku biya kuɗin kati sai da rasit.