Laba da kwanon Tudun Hatsi

Duk wanda ya taɓa auno masara a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya san kwano suna ne kawai. Na wannan kasuwa ya fi na waccan zurfi, kuma mai awo yakan tara hatsi ya yi tozo, ya tare gefe da tafin hannu har ya juye a buhu, wani kuwa ya shafe bakin kwanon ƙat. Shi ya sa mai hankali ba ya ciniki sai ya ga kwanon da idonsa.

Haka laba ta daɗe a Turai. Rumawa suna da ma'aunin da suke kira libra, wajen giram 329, kuma daga sunan nan aka ɗebo haruffa biyun da muke gani a jikin kaya, lb. Bayan Rumawa kowane gari ya riƙe tasa. A Ingila kaɗai, maƙeran zinariya suna da laba mai oza 12, wajen giram 373, masu sayar da nama da ulu kuma suna da mai oza 16. Sai a 1959 Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashen da ke magana da Turanci suka tsayar da ita a giram 453.59, wato ta gaza rabin kilo da kaɗan.

Mu nan Gombe auduga da gyaɗa ne suka kawo mana ita. Kamfanin BCGA, wanda har yau unguwa guda ke amsa sunansa, ya kafa injin gurzar auduga a garin, ana ɗaure dila mai laba 400, tan ɗaya kuwa laba 2,240. Ka tausaya wa manomin lokacin. Ya saba da awon da ido ke gani, hannu ke taɓawa; ga shi yanzu tsaye gaban sikeli, malamin awo yana tura ƙarfe a kan sanda yana rubuta abin da shi bai iya karantawa ba. A kwano yana iya cewa a ƙara. A sikeli sai abin da aka faɗa masa.

A shekarun 1970 Najeriya ta koma kilo, amma laba ba ta tafi ba, domin Amurka tana nan da ita, kayanta kuma suna shigo mana a gwanjo. Za ka ga magidanci ya hau sikelin da ya sayo, ya ga 154, hankalinsa ya tashi, alhali kilo 70 ne. Matafiyi ma in an rubuta masa 50 lb a tikitin jirgi, kada ya cika akwati da kilo hamsin; abin da aka yarje masa bai wuce kilo 23 ba.