Daga Kano zuwa Jidda, ta bayan katanga

A gidanmu na cikin birni, katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabtan baya. In uwargidansu tana daka muna jin lugude, in jaririnsu ya yi tari da dare Inna takan ɗaga murya ta yi musu sannu. Amma ranar da aka ce in kai musu kwanon tuwo, sai na fita ta zaure, na bi lungu, na tsallake kwata biyu, na zagaya ta gindin masallaci, kafin in yi sallama a ƙofarsu miya ta fara hucewa. Murya na ratsa katanga, ƙafa kuwa dole ta zagaya.

Haka nake kallon nisan da ake rubutawa tsakanin Kano da Jidda, kimanin kilomita 3,400. Wannan awon zare ne, ka ɗora shi kan taswira ka ja ya miƙe. Jirgin da ke cin kusan kilomita 850 a awa zai gama da shi cikin awa huɗu da wani abu, ya keta saman Chadi da Sudan, ya haye Bahar Maliya. Maniyyaci ya tashi daga filin Malam Aminu Kano da hantsi, ya sauka ya tarar agogon Saudiyya ya riga nasa da awa biyu.

Kakanninmu lungun suka bi. Ta Borno, ta Wadai, ta Darfur, zuwa Omdurman, har bakin teku a Sawakin. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, damina ta wuce a ci gaba, shekaru na tafiya. Wasu ba su isa ba, wasu ba su dawo ba, jikokinsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno suna jin Hausa har yau.

Mun ɗauka jirgi ya raba mu da zagaye. Sai ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta ana dab da fara jigilar alhazai. Kano ba ta gusa ba, Jidda ma tana inda take, amma jirage suka koma zagaye mai nisa, sa'o'i suka ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi daga Hukumar Alhazai. Kamar dai ranar da aka yi rasuwa a lungunmu, aka shimfiɗa tabarmi daga bango zuwa bango, dole mai kai tuwo ya bi ta bakin titi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu gidan da muka zagaye. Mu awa kaɗan muka ƙara a kan kujera, ana miƙo mana shayi. A ƙasa kuwa, a garuruwan da suka shekara ɗaruruwa suna ba maniyyatanmu ruwa da masauki, mutane ne ke ɗaure kaya a ka suna neman iyakar Chadi da ƙafa.