Ciwon Tsakiyar Baya: A Bincika Kafin A Taka

Duk wanda ya wuni sunkuye a ramin zinare ko a kan fartanya, da matar da ta sha daka da goyo a baya, sun san inda yake kamawa: tsakanin allunan kafaɗa, ya riƙe ƙam da la'asar, ya saki idan an miƙe a tabarma. Ƙasusuwa 12 ne jere a wannan sashe na gadon baya, kowanne da haƙarƙari maƙale a gefensa biyu. Ba wurin lanƙwasa ba ne sosai. Idan mutum ya daɗe a sunkuye, naman da ke gefen ƙashin ne ke riƙe nauyin kai da kafaɗu, har ya gaji ya sandare.

Maganin gida sananne ne. A kwanta rub da ciki, a kira ƙaramin yaro ya tattaka, a ji ƙas, a ce alhamdulillahi ya koma. In bai saki ba a nemi wanzami ya kafa ƙaho, ko a biya kemis.

Turawa ma suna da nasu masu danna baya, sana'ar da suke kira kairofaraktik. Wani mai suna Daniel David Palmer ne ya fara ta a garin Davenport na Amurka a 1895, yana iƙirarin cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka. Wannan iƙirari bai tabbata ba. Ƙarar ƙas ɗin nan ma ba ƙashi ne ya koma gurbinsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji idan an ja yatsa. Abin da bincike ya nuna shi ne dannawar kan rage ciwon ƙugu gwargwado, kusan daidai da motsa jiki. Game da tsakiyar baya kuwa hujjojin ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka ban ga abin da mutumin Bukkuyum ya rasa ba don babu irin wannan asibiti a kusa da shi. In gajiya ce kawai, miƙewa tsaye lokaci-lokaci, da ja da kafaɗu baya, da sauya hannun da ke ɗaukar kaya, da gashi da ruwan ɗumi, sukan wadatar.

Inda gizo ke saƙar shi ne ba kowane ciwon baya ne gajiya ba, musamman a ƙauyen Yargalma na yankin Bukkuyum. A 2010 ne ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyen da wasu irinsu Dareta da Abare a yankin Anka, bayan an riƙa niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje da injin niƙan hatsi. Yara sama da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, an yi wa dubban yara magani, amma manya ba su cika shiga lissafi ba, alhali sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin babba a ƙashi take kwanciya, ta yi shekaru. Takan zo da ciwon jiki da gaɓoɓi, da murɗar ciki, da taurin bayan gida. Tana kuma taɓa ƙoda, ita ma ƙwayar kashe zafin da ake sha kullum ƙodar take ci. Biyu ke nan a kan gaɓa ɗaya.

Sai kuma ƙurar dutsen kanta. Shaƙarta shekara da shekaru na lalata huhu, yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Da yawa ba su san tarin fuka na barin huhu ya shiga ƙashi ba, kuma a gadon baya ya fi son tsakiya zuwa saman ƙugu. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana shi tun 1779. A hankali yake cinye ƙashin har ya rufta, doro ya fito, wani lokaci ƙafafu su shanye. Ka ɗora ƙafar yaro, ko hannun ƙato, a kan irin wannan ƙashi! Ko jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa masu kairofaraktik a 2005 ya hana danna bayan da ke da karaya, ko ƙari, ko ciwon da ya ci ƙashi.

Bambance su ba wuya. Na gajiya yana bin aiki, yana sauƙi da hutu. Wanda ke tashin mutum cikin dare, ga zazzaɓin yamma da gumi da rama, ko wani ƙulli ya turo a tsakiyar baya, ko ƙafa ta fara nauyi da dindiris, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ba na mai tausa ba ne. Na asibitin Anka ko Gummi ne, daga nan a tura Gusau ko Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In an je a gaya wa likita sana'ar da ake yi tun bai tambaya ba, a nemi hoton baya da gwajin kaki. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai na ƙashi yakan kai shekara guda ana sha.