Ayarin Babura Ko Tafiyar Mutum Ɗaya: Wanne Ya Fi Maido Mu Gida?

Duk wanda ya taɓa zama a Tamale ko Bolga ko Wa ko Bawku ya san cewa babur, wanda 'yan zango suka fi kira moto, ya daɗe da zama jakin gidanmu. Shi ke kai yara makaranta da safe, shi ke kai uwargida kasuwar Aboabo, shi ne kuma ke kai mu malamai ƙauyukan da aka tura mu koyarwa, inda motar haya ba ta leƙawa sai ranar kasuwa. Saboda haka maganar da muka ɗauko a wannan wata ta shafi kusan kowane gida a zango.

Abin da ya tayar da ita kuwa shi ne haɗarin da wani tsohon ɗalibinmu ya yi a wajen rakiyar amarya. Babura sun fi talatin a ranar, kowa na danna ham, wasu sun ɗauko mutum biyu a baya. Akuya ta gitta, na gaba ya taka birki, babura huɗu suka hau kan juna. Yaron nan, wanda saura 'yan watanni ya gama koyon ɗinki, ya karye a cinya, yau da sanda yake tafiya, keken ɗinkin ma ba ya iya takawa tukuna. Tun daga ranar kan jama'a ya rabu. Dattawa suna cewa a hana jerin babura gaba ɗaya, kowa ya je gidan biki shi kaɗai. Samari kuma suna cewa ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, direban mota da zai matse mutum ɗaya zuwa bakin kwalbati ba ya yi wa mutum talatin haka. Mun saurari ɓangarorin biyu, kuma a ganinmu kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki wani.

Bari mu fara da hujjar samarin, domin tana da ƙarfi fiye da yadda dattawa suke zato. A shekarar 1981 wani masani mai suna Harry Hurt ya fitar da sakamakon binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan haɗarin babur guda 900 a yankin Los Angeles na ƙasar Amurka. Sun gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na haɗarurrukan karo ne da wani abin hawa, galibi mota, kuma a yawancin irin wannan karo direban motar ne ya shiga wa mai babur hanya, sau da yawa don bai lura da shi ba. Amurka daban, nan daban, amma duk mai babur da ya taɓa bin hanyar Tamale zuwa Bolga ya san wannan magana ta “wallahi ban gan ka ba”. Babur siriri ne, idon direba kuwa mota yake nema. Babura biyar da fitilunsu a kunne sun fi ɗaya ɗaukar ido, wannan babu gardama.

Ga kuma maganar lalacewa a hanya. Mu kanmu mun ɗanɗana. Wata rana muna komowa daga wajen Salaga, mu kaɗai a kan babur, taya ta yi faci ana gab da magariba, babu gari kusa, wayar hannu kuma ba ta kama layi. Haka muka tura babur har muka gaji kafin wani mai aboboya ya tausaya ya ɗora mu. Faci kawai ke nan. Da faɗuwa muka yi muka suma a cikin ciyawa, Allah kaɗai ya san lokacin da za a tsince mu. Wanda yake da abokin tafiya yana da mai ɗaga shi, mai kiran lamba 112, mai tsayawa kusa da babur ɗinsa, mai kai labari gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, amma jama'a, abin da ake yi ranar biki ko ranar Salla ko ranar tarbar alhazai, tun da aka fara jigilar mahajjata daga filin jirgin saman Tamale a 2016, shin shi ne tafiya a ayari? A nan ne muka rabu da samarinmu.

Tunda aikinmu koyarwa ne, a yi mana haƙuri mu ɗan yi lissafi a allo. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tsakanin lokacin da ido ya ga haɗari da lokacin da hannu ko ƙafa suka kai ga birki, mutum mai lafiya wanda hankalinsa ke kan hanya yana ɓata wajen daƙiƙa ɗaya, wani lokaci fiye. Ke nan kafin birki ya fara kamawa ma, babur ya riga ya shafe mita 17. Yanzu mai karatu ya tuna tazarar da yake gani tsakanin babur da babur a rakiyar amarya. Da ƙyar ta kai mita uku. Idan na gaba ya faɗi, na baya ba shi da wata dabara, ko da ya shekara ashirin yana tuƙi, domin lokacin da zai yi amfani da gwanintar tasa ma babu shi. Masu koyar da tuƙi suna cewa a bar tazarar daƙiƙa biyu a ƙalla. A gudun kilomita 60 wannan ya kama mita 33, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon filin ƙwallo.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ke lura da shi ba, wato wahalar na baya. Idan jerin ya yi tsawo, duk lokacin da aka rage gudu a mararraba ko a kan tudun rage gudu, na gaba ya riga ya wuce ya koma gudunsa, na tsakiya yana ƙoƙarin kamo shi, na ƙarshe kuma sai ya murɗa totur iya ƙarfinsa don kada a bar shi. Mai jan gaba yana iya rantsuwa cewa bai wuce 50 ba, kuma gaskiya ya faɗa, alhali na wutsiya yana taɓa 80. Nisan da birki ke buƙata a gudun 80 ya ninka na gudun 50 sau biyu da rabi. Su wa ake bari a wutsiya? Sababbin hannu, da masu tsofaffin babura, da ƙannen da suka aro babur ɗin yayansu a safiyar ranar. Wato wanda ya fi kowa rashin iyawa shi aka ɗora wa gudun da ya fi na kowa.

Sai kuma abin da lissafi ba ya kamawa, wato idon mutane. Saurayin da muka sani da natsuwa a aji, idan ya shiga cikin abokai, 'yan mata na kallo daga cikin mota, sai ka ga ya sake hannu ko ya miƙe tsaye a kan babur. Hular kwano kuwa an bar ta a gida domin ba ta dace da sabuwar shadda ba. Dokar hanya ta 2004 ta wajabta hular ga mai tuƙi da wanda ya goya, kuma wani babban nazari da aka wallafa a 2008, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha kafa hujja da shi, ya nuna cewa tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Amma ranar da aka fi buƙatarta ita ce ranar da ba a sa ta. Mu ma malamai ba mu tsira ba, domin an sha ganinmu ranar Juma'a da hular saƙa kawai.

Mun kai wannan magana wajen wani dattijon makanike a unguwarmu, wanda ya gyara babura tun zamanin da Yamaha da Honda suka cika gari, kafin na ƙasar Sin da Indiya su shigo. Muka ce, “Baba, a hana ne ko a bari?” Ya ajiye sifana ya ce, “Malam, ku da kuka yi karatu, me ake nufi da zango?” Muka ce masaukin fatake. Ya ce, “To, kakanninku da suka zo Gwanja sayen goro, ɗaya-ɗaya suka zo? A ayari suka zo. Amma ayarinsu yana da mai shi.”

Maganar ta tsaya mana a rai, domin haka tarihi ya nuna. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da sauran garuruwan ƙasar Hausa zuwa Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, tafiyar watanni suke yi da jakuna masu yawan gaske, kuma ba a yamutse suke tafiya ba. Akwai madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba, wanda ya san hanya da mashigin ruwa. Akwai uban dawaki, akwai malamin ayari. An san inda za a yada zango tun kafin a tashi, kuma tafiyar jakin da ya fi rauni ita ce tafiyar ayarin, domin ba a barin kowa a daji. Abin mamaki, ƙa'idojin da ƙungiyoyin masu babur na Turai da Amurka suke koyarwa a yau ba su yi nisa da wannan ba. Suna sa gogagge ɗaya a gaba, gogagge ɗaya a can ƙarshe wanda ba ya wuce kowa, sababbin hannu kuma a bayan na gaba inda gudu ya fi daidaito. Ba sa son rukuni ya wuce babura biyar zuwa bakwai. Idan an fi haka sai a kasa gida-gida, a bar fili a tsakani yadda mota za ta iya shiga ta fita.

Yadda suke jeruwa ma abin koyi ne. Ba a tafiya kafaɗa da kafaɗa, domin wanda ya ga rami ba shi da inda zai kauce. Na farko yana kama gefen hagu na layinsa, na biyu gefen dama a ɗan baya, na uku ya koma hagu, haka har ƙarshe, kamar sawun mai tafiya a kan yashi. Kowa yana barin daƙiƙa biyu tsakaninsa da wanda ke gabansa kai tsaye, da daƙiƙa ɗaya tsakaninsa da na gefe. In an zo kwana, ko gada, ko hanya mai gargada, sai a koma layi ɗaya a ƙara tazara. Wajen wuce babbar mota kuwa, kowa da idonsa zai duba. Wucewar na gaba ba izini ba ce ga na baya, kuma wannan kuskure na bin wutsiyar aboki a makance ya fi kowanne muni a hanyar da tireloli masu zuwa Paga da Burkina suke bi dare da rana.

Kada kuma a ɗauka mun raina tafiyar mutum ɗaya. A cikin gari, daga gida zuwa makaranta ko kasuwa, ita muka fi so nesa ba kusa ba. Mutum yana tafiya da gudun da ya dace da shi, ya tsaya inda ya ga dama, idonsa na kan hanya maimakon bayan rigar aboki. A lokacin hunturu ma, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka kuma hanyar ba kwalta, wanda ke bin babura goma ƙura kawai yake sha, ba ya ganin ramin da ke gabansa. Sai dai mai tafiya shi kaɗai a doguwar hanya yana da nasa sharuɗɗan. Ya gaya wa mutanen gida hanyar da zai bi da lokacin da yake sa ran isa. Ya kunna fitila ko da rana tsaka. Ya ɗauki famfo da kayan faci da fulogi da ruwan sha. Ya yi ƙoƙari kada magariba ta same shi a daji, domin bayan ɓata-gari akwai shanu da jakuna da motocin da suka lalace aka bar su a kan titi da 'yan ganye kawai a matsayin alama. Af, tun da mun zo nan, ya daina tsoron birkin hannu. Da yawa daga cikinmu an koya mana cewa birkin gaba yana kayar da mutum, alhali shi ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayar da babur, in dai an matsa shi a hankali tare da na ƙafa.

In aka tambaye mu, doguwar tafiya irin ta Tamale zuwa Yendi ko Walewale ta fi kyau da babura biyu ko uku na mutanen da suka san tuƙin juna. Jerin biki kuwa, ba mu ga alamar hani zai yi aiki ba. Samari za su taru a bayan unguwa su tashi daga can, inda babu dattijon da zai gan su, kuma rakiyar amarya da tarbar alhaji zumunci ne da ba mu so ya mutu. Shawarar da muka kai gaban dattawan unguwa ita ce kowane gidan biki ya naɗa madugu tun kafin ranar, mutumin da samari ke jin kunyarsa, ya kasa su bakwai-bakwai, ya tsayar da wanda zai riƙe baya, ya kuma mayar da duk wanda ya zo ba hula ko ya goya mutum biyu.

Wasu dattawan sun amince, wasu sun ce za su gani a ƙasa tukuna. Akwai ɗaurin aure biyu a unguwarmu a wata mai kamawa, kuma gidan ango na farko ya yarda a gwada. Da aka rasa wanda zai karɓi aikin madugu, tsohon ɗalibin nan namu ne ya ce a ba shi. Ba zai iya hawa babur ba tukuna, amma ya ce zai zauna a bakin ƙofa da sandarsa yana ƙirga huluna.